Wa ke kashe kansa a Amurka? Zare

1/ Wani aiki da malaminmu na tarihi ya ba mu ne ya kai ni kan alƙaluman kashe kai a Amurka. Na shiga da tunanin wanda aka fi zalunta shi zai fi yawa. Ashe ba haka lissafin yake ba.

2/ A 2022 mutum wajen 49,000 suka kashe kansu a can. Kusan huɗu cikin biyar maza ne, alhali mata sun fi yunƙurin. Bindiga na cikin dalilai: maza sun fi amfani da ita, kuma da wuya a ceto mutum.

3/ Da an sako launin fata sai hoton ya canja. Mafi yawan mamatan fararen maza ne. Anne Case da Angus Deaton sun nuna a 2015 cewa mace-macen farare masu matsakaicin shekaru, musamman marasa digiri, na hawa tun wajen 1999. Masana'antu sun rufe, ga giya, ga ƙwaya.

4/ Amma in aka auna da yawan jama'a, 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, su ne a sama. An ƙwace musu ƙasa, sannan aka riƙa kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana irin Carlisle, da aka buɗe a 1879, ana hana su yarensu. Ni kam ban ga yadda za a karanta wannan adadin ba tare da wannan tarihin ba.

5/ Mata baƙar fata, masu ɗauke da wariya biyu, suna cikin na ƙasa-ƙasa. Masana na ambaton coci da dangi. Na yarda, amma da saura.

6/ An daɗe ana cewa wai baƙi ba sa kashe kansu. A 1803, a tsibirin St. Simons na Jojiya, wasu 'yan ƙabilar Ibo da aka kamo suka gwammace shiga ruwa da zaman bauta.

7/ Ƙidayar ma da matsala. Mutuwar baƙar fata ta fi faɗawa sahun "ba a tantance dalili ba". Abin da ba a rubuta ba, wa zai ware masa kuɗi?

8/ Wanda ya fi tsaya mini a rai: binciken 2018 ya gano cewa a yara 'yan shekara 5 zuwa 12, adadin baƙaƙe ya kusan ninka na farare. Yaran firamare fa. A 2019 'yan majalisa baƙar fata suka fitar da rahoto musamman a kai.