Kuroket: Suna Ɗaya, Soye-soye Daban-daban

A unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, wadda ake kira PK5, inda babban masallaci da babbar kasuwar birnin suke, Hausa tana cuɗanya da Sango da Faransanci. Daga Faransancin ne kalmar kuroket ta fito. Tushenta "croquer" ne, wato tauna abu mai ƙaras-ƙaras. Ta bayyana tun a littafin girkin François Massialot na 1691.

Bafaranshe in ya ce kuroket, curi yake nufi: a dafa dankalin Turawa, a murƙushe, a haɗa da niƙaƙƙen nama ko kifi, a mulmula, a tsoma a ruwan ƙwai, a birkiɗa cikin garin busasshen burodi, a soya. Ɓawo ya yi ƙarfi, ciki ya yi laushi. Mutanen Sifaniya kuwa da kakkauran kunun madara da fulawa suke cika nasu.

A Kamaru, inda yawancin kayan kasuwar Bangui ke bi su shigo, ma'anar ta sauya sarai. Kuroket a nan cincin ne: fulawa, sukari, bota da gyaɗar ƙamshi, a kwaɓa da tauri, a yanka ƙanana, a soya har su bushe, a ɗura a kwalba don sallah ko biki. A ganina wannan ya fi cancantar sunan, domin waje da ciki duk ƙaras yake yi.

Sai dai a kantin Faransa a karanta kwali da kyau, don busasshen abincin kyanwa da na kare ma kuroket ake ce masa.