Kalmasar Rigar Ɗiya: Tarihin Ɗinkin Gida a Yamai

Duk wanda ya tashi a Yamai cikin shekarun 1990 ya san wannan magana ta uwaye: "Tsaya daidai, kar ki motsa!" Ɗiya na tsaye, inna na auna ta da taƙi, ta ƙara yatsu huɗu a tsawo, ta naɗe su ciki ta ɗinke. Wannan naɗin shi ne kalmasa. Baɗi in yarinya ta yi tsawo, sai a warware zare a sako ƙyallen, riga ta sake shekara guda. Mu da muka gani muna tsammanin haka abin yake tun kaka da kakanni. To, ba haka ba ne.

A ƙasar Hausa ta da, ɗinki aikin maza ne. Mata su ke gurzar auduga su yi kaɗi da mazari, masaƙa su saƙa, maɗinka su haɗa riga da wando, malamai da almajirai su yi aikin allura a wuyan babbar riga. Mace zane take ɗaurawa, yarinya ma haka, shi kuwa zane bai san an yi girma ba: sassauta ɗauri kawai za a yi.

Abu biyu suka canza lamarin: keke da atamfa. Keken ɗinkin da Isaac Singer ya yi wa rajista a Amurka a 1851 ya iso mana zamanin Turawa. Bayan an ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, kantunan Faransawa irin su CFAO da SCOA suka riƙa kawo yadi da atamfa. Da farko teloli maza suka kama keken, a bakin kasuwa. Sannu a hankali ƴan mata suka koyi yanka da ɗinki a lakkol, da wajen masoeur na mishan, da gidajen koyon sana'a da muke kira fuwaye. Ƙungiyar matan Nijar, AFN, wadda aka kafa a 1975 zamanin Seyni Kountché, ta ƙara wa wannan koyo ƙarfi. Da keken Butterfly na ƙasar Sin ya shigo da sauƙin kuɗi, sai ya samu wuri a ɗakunan mata da yawa, har cikin kayan aure.

Atamfar ma ta gida ce a lokacin. Masaƙar NITEX da aka buɗe a Yamai ƙarshen shekarun 1960, ta koma SONITEXTIL a 1978, tana buga zane nan bakin Isa. Mai hali ya sayi ta Holan, talaka ya sayi ta gida. Turmi ɗaya zane uku ne: inna ta ɗaura ɗaya, ta ɗinka riga da ɗankwali, abin da ya saura ya zama rigar ɗiya. Shi ya sa a hotunan sallah na da za ku ga uwa da ɗiya iri ɗaya, kamar an tsaga kara.

Sai wahala ta biyo baya. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada dare ɗaya, ga albashi ba ya zuwa kan lokaci. A waɗannan shekaru ne kalmasa ta yi aikinta sosai: riga ɗaya ta yi wa ya sallah biyu, ta sauka kan ƙanwa. Amma a lokacin ne kuma gwanjo ya cika Katako, atamfar waje mai arha ta kwararo, masaƙarmu ta kasa gasa har aka sayar da ita a 1997 ta zama ENITEX. In rigar gwanjo ta fi zare da ƙyalle arha, wa zai zauna taka keke?

Yau ɗinki bai mutu a Nijar ba. Alphadi ya kai sunanmu duniya tun da ya buɗe FIMA a Tigidit a 1998, kuma duk 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, teloli ba sa barci. Abin da ke ɓacewa shi ne ɗinkin cikin gida. Keken inna na nan a lungu an rufe shi da tsohon zane, an ɗora kwanoni a kai. Rigar kanti kuwa ba ta da kalmasa. Wata shida ta ɗage, sai a sake fidda jaka biyu ko uku.

Ba mu ce kowa ya zama tela ba. Amma masu wannan ilimi suna raye cikin gidajenmu, idonsu ne kawai ya fara rauni. Kafin sallah mai zuwa, mu sa wa keken nan mai, mu zaunar da ɗiyanmu, mata da maza, kusa da kakarsu, ta nuna musu yadda ake auna yaro a bar masa wurin girma. Ku faɗa mana, a gidanku wa ke taka keke, kuma ina keken yake yanzu?