Sarki Husaini na Jodan: Sarauta da Muryar Rediyo

An haifi Sarki Husaini bin Talal a birnin Amman a shekara ta 1935, cikin gidan Banu Hashim, zuri'ar Manzon Allah (SAW). Ya hau gadon sarauta a 1952, ya riƙe ƙasar Jodan har Allah Ya yi masa rasuwa ranar 7 ga Fabrairu 1999.

Baya ga tuƙin jirgin sama, Sarki yana da sha'awar rediyon zumunta, wato na'urar da mutum ke kafawa a gidansa da izinin hukuma don zantawa da takwarorinsa na nesa, ba don neman kuɗi ba. Kowace ƙasa na da haruffan kiranta: na Nijar 5U ne, na Jodan kuwa JY. Lambar Sarki ita ce JY1. Saboda haka duk lokacin da ya buɗe na'ura, sunan ƙasarsa ne ke fara isa kunnen duniya. A bisa al'adar masu wannan sha'awa, Husaini kawai suke kiransa, ba kirari ba fadanci, kuma hakan bai rage masa kwarjini ba. A 1983 ya zanta daga Amman da Owen Garriott, ɗan sama-jannatin Amurka, yana cikin kumbon Columbia.

Sabon ilimi bai raba shi da gadon kakanni ba, domin da dukiyarsa aka sabunta rufin zinariya na Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus, aikin da aka kammala a 1994. Tarihinsa shaida ce cewa rawani ba ya hana basarake sauraron talaka, ko da daga bangon duniya yake magana.