Tarihin Kyautata Irin Tsirrai Masu Mai: Furen-Rana a Rasha da Gyaɗa a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Kalmar "iri" tana da ma'ana fiye da ɗaya a Hausa. Ita ce ƙwayar da manomi ke ajiyewa don shuka, ita ce kuma nau'in abu, ita ce har wa yau asalin mutum da zuriyarsa. Wannan ya nuna cewa Bahaushe ya daɗe da fahimtar cewa hali yana bin ƙwaya, a gona ko a gida. Wannan maƙala za ta duba tarihin tsirrai biyu da ake matsar mai daga 'ya'yansu, watau gyaɗa da wani tsiro da Turawan Ingila ke kira sanfulawa, wanda za a kira shi furen-rana a nan, da yake Hausawa ba su saba noma shi ba, balle su raɗa masa tsayayyen suna. Shekarar 1912 ta zama mafarin sabon zamani ga kowannensu. Tambayar ita ce: me ya sa ingantaccen irin furen-rana ya game duniya, amma ingantaccen irin gyaɗa yake wahalar isa hannun manomin ƙasar Hausa?

2.0 Furen-Rana: Daga Amurka Zuwa Rasha

Mutanen asali na Amurka ta Arewa su ne suka fara noman furen-rana, wajen shekara 4,000 da suka wuce. Cikin ƙarni na 16 Turawan Sifen suka kai shi Turai, inda ya daɗe ana shuka shi don ado kawai. Sai da ya isa Rasha sannan ya zama amfanin gona sosai. Ana danganta karɓuwarsa a can da azumin Kiristocin ƙasar, domin cocinsu ya hana cin kitse da wasu mayuka a kwanakin azumi, amma hanin bai ambaci man wannan baƙon tsiro ba. A 1829 wani talakan manomi mai suna Daniil Bokarev, na ƙauyen Alekseyevka, ya matsi mai daga 'ya'yansa, kuma a 1833 aka kafa masana'antar matsar mai a ƙauyen.

A 1912 Vasili Pustovoit ya soma aikin zaɓen iri a wata gonar gwaji da ake kira Kruglik, kusa da birnin Kirasnodar na yanzu. Gonar ce ta zama cibiyar binciken tsirrai masu mai ta Tarayyar Sobiyat a 1932. Dabararsa ita ce a zaɓi kai mai kyau, a raba 'ya'yansa biyu, a shuka rabi don gwaji, a ajiye rabi. Idan gwaji ya nuna wanda ya fi mai da juriya, sai a koma ga rabin da aka ajiye, a shuka zaɓaɓɓun wuri ɗaya nesa da sauran, su yi barbara da juna. Kafin rasuwarsa a 1972, man da ke cikin ƙwaya ya tashi daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa sama da kashi 50. Ya kuma fitar da nau'o'in da ke jure wani tsiro mai tsotson saiwa, ɗan'uwan wuta-wuta da ke addabar dawa da gero a ƙasar Hausa. Bugu da ƙari, ya tsara yadda za a riƙa sabunta iri a gonaki kowace shekara daga tushe mai tsabta, domin ya lura cewa irin da aka bari ba kulawa yakan koma baya.

Mataki na biyu ya zo daga Faransa. A 1969 Patrice Leclercq ya bayyana samun furen-rana wanda ba ya fitar da ƙurar namiji, bayan ya aurar da na gona da wani na daji. A 1970 Murray Kinman na Amurka ya gano halin gado da ke maido da ƙurar a jikin 'ya'yan. Da waɗannan biyu aka sami hanyar yin iri mai aure da yawa, ƙudan zuma na kai ƙura daga layin maza zuwa layin mata, kuma tun daga farkon shekarun 1970 kamfanoni suka shiga sayar da shi.

3.0 Gyaɗa a Ƙasar Hausa

Ita ma gyaɗa baƙuwa ce. Asalinta Amurka ta Kudu, wajejen Bolibiya da arewacin Ajantina, kuma Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma cikin ƙarni na 16. Harshe ya adana shaidar baƙuncinta. A Kano "gujiya" ko "gurjiya" ita ce tsohuwar ƙwayar Afirka mai 'ya'ya a ƙasa, amma a Sakkwato da wasu sassan Nijar gyaɗa ake kira gujiya, tsohuwar kuwa a ce mata ƙwaruru. Ke nan baƙuwa ta iske mai gida, ta gaji sunanta a wasu kare-karen harshen.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga fatauci a 1912. Turawan mulki sun yi zaton auduga za ta cika taragu zuwa Ikko. Manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa, domin farashinta ya fi, masana'antun Turai na neman manta, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Attajirai irin su Alhasan Ɗantata suka shiga sayenta, dalar gyaɗa ta zama alamar Kano, kuma cikin shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa.

Abin lura shi ne, an soma wannan bunƙasa da irin da ke rumbun manomi. Binciken gona ya soma a Samaru a 1922, ya zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga nan aka fitar da nau'o'i kamar Samaru 38. Wasu nau'o'in sun shigo daga tashar Bambe ta Sanagal, kamar 55-437 mai saurin nuna, wanda manoma suka raɗa wa suna 'Yar Dakar. Sunaye irin wannan, da Kampala, da Mai Bargo, su ne rajistar da talaka ya yi wa irinsa, ko dai da garin da yake jin ya fito, ko da kamannin ɓawonsa.

4.0 Annobar 1975

Bayan farin farkon shekarun 1970, sai kuturtar gyaɗa ta afka wa gonaki a 1975, ta lalata wajen hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya. Ƙwaron darɓa ne ke yaɗa cutar daga tsiro zuwa tsiro. Tsiron ya tsumbure, ganyensa ya murɗe, ya kasa 'ya'ya. Cutar ba ta bin ƙwaya, amma ta cinye amfanin da za a ɗebi iri daga cikinsa. Manoma da yawa suka wayi gari ba abin shukawa, suka koma ga gero da dawa da wake. Cutar ta sake dawowa a 1983 da 1985 da 1988.

Tun cikin shekarun 1950 masana suka sami gyaɗa mai jure cutar a kan iyakar Barkina Faso da Kwaddebuwa, daga ita aka fitar da nau'o'i kamar RMP 12. Sai dai waɗannan suna bukatar doguwar damina, ta wata huɗu da rabi ko biyar, wadda Kano da Katsina da Maraɗi ba su da ita. Haɗa juriya da saurin nuna ya ɗauki shekaru. Da haɗin gwiwar Samaru da cibiyar ICRISAT aka fitar da SAMNUT 21 da 22 da 23 a farkon shekarun 2000, sannan SAMNUT 24 a 2011, mai nuna cikin kwana 80 zuwa 90.

5.0 Dalilin Bambanci

Bambancin tsirran biyu yana cikin halittarsu. Furen-rana mai aure ba ya maimaita kansa. Wanda ya ajiye 'ya'yansa ya shuka, amfaninsa zai ragu, don haka dole ya koma ga kamfani kowace shekara. Kilo 5 ko ƙasa da haka ya ishi hekta ɗaya, ɗaukarsa ba wuya. Ciniki ne mai riba, shi ya sa kamfanoni suka zuba masa jari.

Gyaɗa kuwa kanta take yi wa barbara, 'ya'yanta su fito kamar uwarsu. Manomi ya saya sau ɗaya ya wadatu shekaru, kamfani ba ya ganinsa kuma. Hekta ɗaya tana cin kilo 80 zuwa 100 na ɓararriyar gyaɗa, mudu ɗaya kuma da wuya ya haifi fiye da goma, saboda haka yawaita sabon iri yana tafiyar hawainiya. Ga shi man da ke cikinta yana sa ƙarfin tsirarta ya mutu da wuri in an ɓare ta ta sha zafi. Sannan irin gyaɗa abinci ne, kuɗi ne. In bazara ta tsananta, ko biki ya taso, buhun iri ne ke tafiya kasuwa. Gwamnati ta kafa hukumar iri ta ƙasa a 1975, ta yi dokar iri a 1992, amma doka ba ta sauya wannan lissafi ba.

Akwai kuma ma'aunin mai noma da na mai sarrafawa. Manomi yana duba harawa, domin ita ce abincin dabbobinsa da rani. Matan da ke matsar mai suna duba yawan man da mudu zai bayar, da kyan tunkuza da ƙuli-ƙuli. Nau'in da ya gaza a wajensu ba ya yaɗuwa, kome yabon da ya samu a gonar gwaji.

6.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa fitar da nau'i mai kyau rabin aiki ne; sauran rabin shi ne tsarin da zai yawaita shi, ya tsare tsabtarsa, ya kai shi gona kafin ruwan shuka. Rasha ta yi haka da ƙarfin gwamnati, Amurka da Turai suka yi da ribar kamfani. Gyaɗa ba ta ba kamfani irin wannan riba, don haka yaɗuwarta ta fi dogara ga cibiyoyin bincike, da ƙungiyoyin manoma masu noman iri, da rance da kyauta tsakanin maƙwabta. Akwai aiki a nan ga masu nazarin harshe da al'ada: tattara sunayen nau'o'in gyaɗa da riɗi gari-gari, da kalmomin zaɓe da ajiya da matsar mai, daga bakin dattawan da suka ga zamanin dala da annobar 1975, tun suna raye.