Sunan da Ya Zo Farko a Takarda

A aji uku na jami'a na fara jin sunan Candace Pert. Malaminmu na ilimin magunguna ya rubuta “Pert da Snyder, 1973” a gefen allo, ya wuce ba tare da ya tsaya a kai ba. Na ɗauka duka biyun dattawan farfesoshi ne. Sai daga baya na gane cewa sunan farkon na wata ɗaliba ce ’yar shekara 26, kusan sa'ata a yau.

Tun kafin lokacinta masana suna zargin cewa mofin da danginsa na ofiyom ba haka kawai suke kashe zafi ba. Lallai akwai wani gurbi a jikin ƙwayoyin jijiya da suke shiga, kamar mabuɗi cikin kwaɗo. Matsalar ita ce babu wanda ya iya nuna gurbin, domin maganin yakan manne wa kusan kowane abu a cikin nama, ya ɓoye ainihin wurin da ake nema.

Pert tana karatun digirin digirgir ne a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, a ɗakin gwajin Solomon Snyder. Ta niƙa ƙwaƙwalwar ɓeraye, ta zuba mata naloxone, maganin da ke tare hanyar mofin, wanda aka yi wa alama da sinadari mai fitar da tururin nukiliya. Sannan ta tace da sauri, ta wanke, ta ƙirga abin da ya ƙi fita. Abin da ya maƙale ɗin nan shi ne shaidar makarɓin. A watan Maris na 1973 mujallar Science ta buga sakamakon, sunanta a gaba, na malaminta a baya. A shekarar ce kuma Eric Simon a New York da Lars Terenius a Uppsala suka kai ga irin wannan sakamako, kowa ta hanyarsa.

Sai tambaya ta biyo baya: me ya sa ƙwaƙwalwa za ta tanadi kwaɗo domin mabuɗin da ke cikin tsiro? Amsar ta fito daga Aberdeen a 1975, inda John Hughes da Hans Kosterlitz suka ciro enkefalin daga ƙwaƙwalwar alade, wato maganin zafin da jiki ke haɗa wa kansa. Wannan gurbin ne kodin da tiramol suke taɓawa, kwayoyin da suka cinye samari da dama a unguwarmu kafin gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

A 1978 aka ba Snyder da Hughes da Kosterlitz lambar yabo ta Lasker, wadda sau da yawa take share fagen Nobel. Ba a sa Pert ba. Ta ƙi zuwa bikin, ta rubuta wasiƙar ƙorafi, magana ta fita fili. Masu kare hukuncin sun ce shugaban ɗakin gwaji ne mai tsara hanya, ɗalibi kuwa bi yake yi. Hujjar ba ta gamsar da ni ba, domin Hughes ma ƙarami ne a gaban Kosterlitz, amma aka kira shi.

Ta ci gaba da bincike a Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Amurka har 1987. Littafinta na 1997, Molecules of Emotion, ya yi nisa da iƙirari fiye da yadda gwaji ya tabbatar, a ganina, kuma ya rage mata kima a idon wasu abokan aikinta. Ta rasu a 2013. Nobel kuwa ba a ba kowa ba a kan makarɓin ofiyom.