Sabuwar kyamara a Libreville: abin da ɗan koyo ya kamata ya sani game da haske, laima da izini

Ɗaukar hoto tsohuwar sana'a ce a Libreville. Tun a ƙarni na 19 wani ɗan Saliyo mai suna Francis Joaque ya yi ta a garin, lokacin da ake ɗaukar hoto a kan farantin gilashi. Kyamarar dijital kuwa sai a 1975 injiniya Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa ta farko a Amurka. Hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana shi a kaset. A yau ƙaramar kyamarar da ɗan kasuwa zai saya don bikin suna ko Sallah tana ɗaukar ɗigo miliyan 20 ko fiye.

Littafin da ke cikin kwalin kyamara ba ya bayanin yanayin Gabon. Bahaushen da ya taso a Maraɗi, Kano ko Garwa ya saba kare kayansa daga ƙura da hazon hunturu. A Libreville abubuwa uku ne ke yanke hukunci a kan hoto da kyamarar kanta: haske, laima da izini.

Haske

Libreville tana ƙasa da kilomita 50 arewa da layin ikwaita. Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 na safe, ta faɗi tsakanin 6 da 6:40 na yamma duk shekara, kuma duhu yana shiga cikin minti 20 zuwa 25 bayan faɗuwarta. Garin yana fuskantar yamma a bakin mashigin kogin Komo, saboda haka titin bakin teku wuri ne mai kyau na ɗaukar faɗuwar rana, amma ga wanda ya isa da wuri. Da tsakar rana haske yana saukowa a tsaye, ya bar inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin hula. Hoton mutum ya fi kyau kafin ƙarfe 9 na safe, bayan la'asar, ko a inuwar bishiya.

Daga Yuni zuwa Satumba lokacin rani ne, sai dai ranin nan ba irin na ƙasar Hausa ba ne. Gajimare yakan rufe sama yawancin kwanaki. Wannan haske mai laushi ya dace da hoton fuska, ko da yake teku da sama sukan fito toka-toka.

Abubuwa uku ne ke daidaita haske a kyamara. Na farko faɗin ƙofar gilashi, wanda ake rubutawa da f: f/2.8 ƙofa ce a buɗe, f/16 a tsuke. Na biyu saurin ƙiftawa, kamar 1/60 ko 1/500 na daƙiƙa. Na uku lambar ISO, wato yadda kyamara ke jin haske. A kyamara mai rubutun Faransanci, na farko shi ne ouverture, na biyu vitesse. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce a rana tsantsa a sa f/16, ISO 100 da 1/100. Yaro mai gudu yana buƙatar 1/500. Ƙasa da 1/60 kuwa rawar hannu tana ɓata hoto, sai an jingina kyamarar ko an ɗora ta a kan matokari mai ƙafa uku.

Akwai matsalar da ta fi bayyana ranar Sallah. Idan farar babbar riga ta cika hoto, kyamara takan ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi, sai fuskar mai rigar ta fito duhu. Maganinsa maɓallin +/-: a ƙara zuwa +0.7 ko +1, a duba allon, a sake ɗauka.

Laima

Ruwan da ke sauka a Libreville ya kusa milimita 3,000 a shekara, kimanin ninki uku na Kano, kuma laimar iska takan wuce kashi 80 cikin 100. A irin wannan yanayi funfuna tana tsira a cikin gilashin kyamara kamar saƙar gizo-gizo. Idan ta daɗe takan cinye rufin gilashin, gyara ya gagara. Ta fi son duhu da iska marar motsi, shi ya sa jakar fata da aka jefa cikin durowa ta zama mafi munin ma'aji.

Abin da ya fi shi ne roba mai murfi da ba ta shan iska, a zuba ƙunshin ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi. Idan sun jiƙe ana busar da su da ɗan zafi a sake amfani da su. Kyamarar da ake fita da ita kowane mako ta fi wadda ake ɓoyewa sai biki daɗewa.

Wanda ya fito daga ɗaki ko mota mai na'urar sanyaya wuri zai ga gilashin ya yi raɓa nan take. A bar kyamarar a rufe cikin jaka na minti 15 zuwa 20 kafin a buɗe. Bayan yawo a bakin teku ko tsallakawa Pointe-Denis a jirgin ruwa, a goge jikinta da ƙyalle mai ɗan danshi, domin gishirin teku yana cin ƙarfe. Idan za a daɗe ba a yi aiki da ita ba, a cire batir.

Izini

A Gabon ba a ɗaukar hoton fadar shugaban ƙasa, barikin soja, shingen jami'an tsaro ko filin jirgin sama na Léon-Mba ba tare da izini ba. Fadar tana kan titin bakin tekun da ake zuwa kallon faɗuwar rana, don haka a lura da inda gilashin ya dosa. Kuskure a nan yana iya jawo tambayoyi ko ƙwace kyamara, kuma ya fi tsanani ga baƙon da takardunsa ba su cika ba.

A kasuwar Mont-Bouët, mafi girma a garin, gaisuwa ce mabuɗi. Yawancin masu sayarwa ba sa son a ɗauke su ba zato. A masallacin Hassan II ko cocin Saint-Michel ta Nkembo, mai ginshiƙan katako 31 da aka sassaƙa, a nemi yardar masu kula da wurin. Hoton matan aure da yara a biki ba ya zuwa Facebook sai iyalin sun amince.

Namun daji ma suna da haƙƙinsu. Pongara, ɗaya daga cikin gandun daji 13 da Gabon ta kafa a 2002, wuri ne da manyan kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai da dare daga wajen Nuwamba. Fitilar kyamara tana ruɗa su, a kashe ta.

Adana hotuna

Hoton da ke katin ajiya ɗaya tak bai tsira ba. A kwafe shi zuwa kwamfuta, a kuma ajiye wani kwafin a wuri dabam kafin a goge katin. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, don haka wanda za a aika wa dangi a Oyem, Bitam, Yawunde ko Damagaram don su wanke, a tura shi a matsayin fayil.

Yawan ɗigo ba abin damuwa ba ne. Hoto mai faɗin santimita 10 da tsawon 15 yana buƙatar ɗigo miliyan 2 da ɗoriya, na girman takardar A4 kuwa kusan miliyan 9. Kuɗin da za a ƙara don kyamara mai ɗigo da yawa ya fi amfani idan aka sayi batir na biyu, katin ajiya na biyu da robar silika.