Ciwon Sukari da Tarihin Koyar da Majinyaci a Kudancin Sakkwato

Ilimin magani da ƙasar Sakkwato ta gada, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kansa har da na basir da na ciwon ido, ya fi karkata ga cutar da za a sha wa magani ta tafi. Ciwon sukari kuwa, wato gazawar jiki wajen samar da insulin ko amfani da shi, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini, ba a rabuwa da shi, lallaɓa shi ake yi, kuma yawancin aikin a gida yake.

Likitan Amurka Elliott Joslin ya gane haka da wuri, domin a 1918, kafin a gano insulin a Toronto a 1921, ya wallafa jagora don majinyata su koyi auna abincinsu da kansu. Wannan koyarwa ta daɗe ba ta iso karkarar Najeriya ba. Manufar lafiya ta ƙasa ta 1988, zamanin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ta baza ma'aikata zuwa ƙauyuka, amma rigakafi da haihuwa da gudawar yara suka fi cin ƙarfinsu, ciwon sukari kuma ana ɗaukarsa cutar masu hali ne a birni. Zaton yana da ɗan tushe, don binciken da likitoci suka yi daga baya a kan Fulanin Sakkwato ya sami kashi 4.6 cikin ɗari a birni, 0.8 a karkara. Sai dai ƙarancin adadi bai rage wa wanda ya kamu wahala ba.

Mai ciwon sukari a Sanyinna ko Kebbe, a kudancin Sakkwato, da ƙwararrun likitocinsa ke asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shi zai yanke yawan sukarin da zai zuba a fura da girman malmalar tuwonsa, shi zai duba tafin ƙafarsa in ya dawo gona, tunda cutar kan kashe jijiya har ƙaya ta shige shi bai ji ba, kuma inda babu firji, jikin randa mai sanyi ake ajiye insulin. Azumi ya fi duka wuya, kuma sai a 2016 Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar da cikakkiyar jagora a kansa, wadda ta nemi majinyaci ya ga ma'aikacin lafiya mako shida zuwa takwas kafin Ramadan.